Dashen Lemo Biyu a Kwali

Jirgin bai gama tsayawa ba mutane suka hau kunna wayoyinsu, kamar ba yanzun nan aka roƙe su su dakata ba. Auta ma ba ta fi kowa haƙuri ba. Ta kunna tata da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan kwalin da ke tsakanin ƙafafunta, wanda saboda shi ba ta miƙe ƙafa ba tun da suka tashi. Ƙaramin kwali ne mai 'yan huji a gefe, an rufe bakinsa da jan tef mai tambarin hukumar duba tsirrai. A cikinsa akwai dashen lemo guda biyu, kowanne bai fi tsawon ludayi ba.

Saƙon murya ya shigo daga Mama. Auta ta kara wayar a kunne tana murmushi, don ta san halin kayanta. Mama ba ta taɓa fara saƙo da abin da ya sa ta yi shi. Sai ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, ta ba da labarin maƙwabta, sannan ta jefo ainihin maganar can a ƙarshe.

"Auta, kin sauka? Allah ya sa kin sauka lafiya. Kin bar silifas ɗinki na wanka a bakin ƙofa, kullum sai kin bar wani abu. Yayanki ya ce wai motar ta yi masa gardama a hanyar dawowa, ni dai na ce shi ne bai iya ta ba. Yawwa, kada in manta, 'ya'yan nan naki. Da kika shiga wanka na ce bari in leƙa su, wallahi sai da na ji ƙwalla. Saiwa tsirara haka, an naɗe a takarda kamar ragowar burodi? Wa ya taɓa ganin shuka ta yi doguwar tafiya babu ƙasa? Sai na zaga wajen kututturen bishiyar babanki na ɗebo musu 'yar kaɗan. Kada ki damu, ban taɓa jan tef ɗin nan ba, yadda kika ce. Ta gindin kwalin na buɗe, na mayar na liƙe tsaf, ke kanki ba za ki gane ba. To, ki gaishe da Farfesan."

Auta ta sake saurara daga farko, maganar ba ta canza ba. Mutumin da ke zaune ta wajen taga sai da ya ce mata sau biyu, "'Yar'uwa, a ɗan ba ni hanya," kafin ta ji shi.

Lambun lemon mahaifinsu yana bayan gidansu, kuma da shi ya ciyar da su ya sa su makaranta. Tana ƙarama ciwon ya shigo. A cikin ƙasa yake zaune, ido ba ya ganinsa. Saiwa yake fara ci, sai ganye ya yi rawaya, 'ya'ya su zube tun suna ɗanye, bishiya ta bushe a tsaye. Baba ya sare su layi bayan layi da hannunsa, kuma bai daɗe ba bayan haka ya kwanta, bai tashi ba. Amma bishiya ɗaya ta ƙi mutuwa. Tana tsakiyar lambun, ciwo ya kewaye ta ta ko'ina, ita kuwa ganyenta shar. Saboda ita Auta ta karanci cututtukan tsirrai, kuma a kanta ta kashe shekarun ƙuruciyarta, har ta tabbatar ba sa'a ba ce, akwai wani abu a jikin bishiyar da ciwon ba ya iya ci.

Sai ga iska da daminar bara ta zo ta tuge ta. Auta ta kwashi rassan ta ruga da su ma'aikatarsu ta binciken tsirrai, ta daddasa a yashin da aka dafa aka kashe duk wata ƙwayar cuta. Cikin tulin rassan nan biyu kacal suka yi saiwa. Ma'aikatarsu ba ta da kayan aikin da za a hayayyafa su, amma wani Farfesa a ƙetare yana da ɗakin bincike inda ake ɗaukar ɗan tsagin reshe a fitar da ɗaruruwa. Ya ce ta zo da su, ya kuma ba ta gurbin aiki a wajensa.

Fitar da tsiro daga wata ƙasa zuwa wata kuwa, wanda bai gwada ba yana tsammanin ɗauka ne a sa a jaka. Auta ta sha zirga-zirgar ofisoshi har masu gadi suka fara gaishe ta kamar ma'aikaciya. Izinin fita daban, shaidar lafiya daban, izinin shiga daban, kuma kowace takarda sai ta nanata sharaɗi guda: ko ƙwayar ƙasa kada ta kasance a jikin shukar. Ta wanke saiwoyin da buroshi mai laushi, ta tsoma su a magani, ta naɗe da jiƙaƙƙiyar takarda. Jami'i ya zo ya duba da gilashin ƙara girma, ya rufe, ya manna jan tef ɗinsa. Da yake jirgin na sassafe ne, kwalin ya kwana a gida, a kan teburin falo. Abin da ta ce wa Mama kawai shi ne, "Don Allah kada kowa ya taɓa jan tef ɗin nan." Mama kuwa ta cika alkawari.

Ta bi sahun mutane cikin doguwar baranda mai sanyi, kwalin a ƙirjinta. Yanzu da ta sani, sai ta ji ya fi nauyin da ta san shi da shi. Aka buga mata hatimi a fasfo, ta amsa tambayoyin ba tare da ta san me ta ce ba. A zauren ɗaukar kaya akwai manyan alluna da hotunan nama, 'ya'yan itace da takalmi mai taɓo, an ja jan layi a kan kowanne. Ta kawar da kai. Abin da ta gani ta tagar jirgi lokacin da suke sauka shi ya fi tsaya mata a rai: gonakin lemo jere reras, kore shar, har iya ganin ido. Lokacin daɗi ta ji. Yanzu kuwa tsoron abin da ta ɗauko musu take ji.

Ta shige banɗaki, ta ɗora kwalin a gefen wurin wanke hannu, ta ɗaga shi ta leƙa gindinsa. Aikin Mama ne, ba shakka. Tef ɗin a miƙe yake ɗoɗar, ba kumfa ba tattara, ya ma fi wanda ita ta liƙa kyau. Matar da ta shekara talatin tana ɗinki ba za ta bar karkatacciyar liƙi ba. Wani baƙin ciki ya taso wa Auta, ta ji kamar ta kurma ihu a cikin banɗakin mutane.

Ta kira yayanta.

"A'a, Auta ta ƙetare! Har kin sauka? Kin fara manta mu ko tukuna?"

"Yaya, Mama ta buɗe kwalin. Ta zuba musu ƙasar lambu."

Ya fashe da dariya. "Kai, Mama! To sai me? Shuka ce fa, ba agogo ba."

"In suka gani ƙona su za su yi. Duka biyun, har kwalin."

Dariyar ta tsaya. "Jan tef ɗin yana nan?"

"Yana nan."

"Takardunki fa?"

"Ba abin da ya same su."

"To ni ban ga matsala ba. Wa ya sani? Ni da ke da Mama. Mama tana gida, ni kuwa kin san ko sunana aka tambaye ni a ofis sai na yi tunani. Ki ɗaure fuska ki wuce abinki. In kin isa wajen Farfesan naki sai ku wanke."

"In ciwon ya fita fa? Ka ga gonakin da ke nan kuwa?"

"Haba Auta, cokali nawa ne ƙasar?"

"Namu ma da dashe ɗaya ya shigo, Yaya. Wanda aka kawo wa Baba kyauta."

Ta ji ƙarar motoci a bayansa. Da ya sake magana, babu sauran wasa a muryarsa.

"Ni na sassare miki rassan nan da hannuna, ina yi ina kuka kamar yaro. Ita kenan fa, babu wata. Ni ban san dokarsu ba, na dai san Baba. Kada ki bari su ƙona ta, Auta."

Ta kashe wayar ta tsaya tana kallon famfo. Ga ruwa, ga sabulu, ga ƙofa mai sakata. Za ta iya buɗe gindin kwalin yadda Mama ta yi, ta wanke saiwoyin, ta mayar. Har ta kai hannu ta kunna famfon, ruwan yana zuba yana juyawa yana shigewa rami. Ta bi shi da ido. Wani ne zai iya cewa bai san inda ruwan nan zai je ba, ban da ita, da take koya wa ɗalibai cewa ciwon nan ruwa ne motarsa. Ko da a kwandon shara ta kakkaɓe ƙasar, saiwoyin sun riga sun zauna a cikinta tsawon tafiya. Abin da ya fi muni, waɗannan dashen ba za su taɓa nuna alama ba. Za su ɗauki ciwon a jikinsu suna kore shar, su shiga gidan rainon tsirran Farfesa, su zauna kusa da waɗanda ba su da irin ƙarfinsu. Ta kashe famfon.

Amma ba ta yanke shawarar komai ba. A gaskiya ma da ta ɗauko akwatinta ta nufi ƙofar masu bayyana kaya, abin da take roƙo a zuci shi ne Allah ya sa su buɗe da kansu, ko kuma kada su tambaye ta komai. Ko wanne ya faru, ba ita ta zaɓa ba.

Jami'ar da ke teburin tsirrai babbar mace ce, da tabarau rataye a wuya, da alamar ta gaji da yi wa mutane bayanin dalilin da ya sa ba za su shiga da tuffa ba. Gaban Auta akwai wani dattijo da ke rantsuwa cewa busasshen ganyen da ke jakarsa magani ne. Aka karɓe, ya tafi yana ƙunƙuni. Jami'ar ta yafito Auta.

"Me muke da shi?"

"Dashen lemo biyu, ranki ya daɗe. Na bincike ne."

Ta miƙa takardun. Jami'ar ta sa tabarau, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana duba lambar da ke jikin jan tef tana komawa kan takarda. Fuskarta ta fara sakewa.

"Kai, madalla. Da kowa haka yake zuwa da ban tsufa da wuri ba. Ke kika haɗa su da kanki?"

"Ni ce."

"An gani." Ta jujjuya kwalin, ta shafa jan tef ɗin da babban yatsa, ta leƙa ta huji. "Ga ganyensu nan, lafiya ƙalau. Tun da hatimin hukuma bai karye ba, kuma ɗakin binciken da za su yana da lasisi, ba sai na buɗe iska ta buge su ba. Can za a buɗe."

Ta jawo hatiminta, ta danna a tawada. Ta bayan jami'ar akwai ƙofar gilashi mai buɗe kanta, duk wanda ya wuce sai ta wangale, a ga masu taryar baƙi sun yi cirko-cirko. A cikinsu ta hango wani dogon tsoho mai furfura, riƙe da takarda an zana ganyen lemo a kai. Farfesa ne, da kansa ya zo.

Jami'ar ba ta ko ɗago kai ba ta yi tambayar, irin wadda baki ya saba da ita. "Tun da aka rufe, kwalin yana hannunki, ba wanda ya buɗe?"

Kalma ɗaya ce tsakanin Auta da ƙofar nan. Ta ji muryar Yaya yana cewa babu wata. Jami'ar ta ɗago, hatimin a sama.

"Malama?"

"An buɗe," in ji Auta. Muryar ta fito 'yar ƙarama, sai da ta maimaita. "An buɗe ta gindi. Mahaifiyata ce. Akwai ƙasa a ciki, daga lambun da ke da ciwon saiwa. Ban sani ba sai da muka sauka."

Jami'ar ta ajiye hatimin a hankali, ta janye hannunta daga kwalin. Ta dubi Auta ta saman tabarau, dubawa mai tsawo. Sakin fuskar nan duk ya tafi.

"Kada ki sake taɓa shi. Biyo ni."

Ɗakin da ta kai ta ba shi da taga. Teburin ƙarfe ne a tsakiya, da fitila mai haske sosai, da wani babban durom mai murfi a lungu. Auta ba ta buƙaci a gaya mata aikin durom ɗin ba, nan ake jefa abin da za a ƙona. Jami'ar ta sa safar hannu, ta shimfiɗa leda, ta kwantar da kwalin, ta tsaga tef ɗin gindi da reza. Ta zaro dashen ɗaya bayan ɗaya.

Mama ba zuba ƙasar kawai ta yi ba. Ta yanko ƙyalle daga wani tsohon zaninta, ta ɗinka wa kowanne 'yar jaka daidai shi, ta cika da ƙasa mai danshi, ta zuge bakin da zare, ba ta matse ba don kada ta ji wa karan ciwo. Duk wannan a ɗan lokacin da mutum zai yi wanka ya shirya. Auta ta san zanin. Hawayen da take riƙewa tun cikin jirgi suka ƙwace mata, kuma ita kanta ba ta san ko na fushi ba ne ko na tausayi.

"Uwa kenan," in ji jami'ar, ba da wasa ba. Ta cire tabarau. "Kin san hukuncin."

"Ranki ya daɗe, su kaɗai suka rage a duniya. Uwarsu ta faɗi. Ki bar ni in yanki kan reshen kawai, can sama, inda bai taɓa ƙasar ba. Ɗan tsagi ya ishi Farfesa."

"A kwali ɗaya suka zo, iska ɗaya suka shaƙa. Ke ma in ke ce a nan ba za ki yarda ba."

"A killace su, a gwada. Ko wata nawa ne zan jira."

"Ana killace abin da ake zato. Wannan ke da bakinki kika ce daga lambu mai ciwo ya fito." Ta yi ajiyar zuciya. "Ba na jin daɗin wannan, Malama. Da kin yi shiru da yanzu kina cikin mota, na sani, ke ma kin sani. Amma abin da ke teburin nan ba zai wuce ƙofar can ba."

Auta ta dafa teburin. Jami'ar ta dube ta, ta dubi 'yan jakunkunan, sannan ta ce ta jira, ta fita da waya a hannu. Ta bar ta ita da dashen da durom. Auta ta tsaya tana kallonsu, an hana ta taɓawa. Ƙaramin cikinsu ya fito da sabon toho a hanya, ɗan ja-ja, ko buɗewa bai yi ba. Ta ji takun mutane a waje, kowane taku sai ta ɗauka jami'ar ce ta dawo da mai ƙonawa.

Da ta dawo ita kaɗai ta dawo.

"Na yi magana da shugabana. Hanya biyu ce. Ko a ƙona su a nan, ki sa hannu, ki shiga gari ki yi aikinki. Ko a mayar da su inda suka fito. Jirgin da ya kawo ki zai juya da yamma, kuma akwai kujera. Amma ba za a aika su su kaɗai ba, sai da wanda sunansa ke kan izinin. In ma an bi ta hanyar kaya, kafin a gama takardu sun bushe."

"Zan kai su in dawo."

"Izinin shigarki na sau ɗaya ne, kuma an riga an buga. In kin juya, kin cinye shi. Su kuma, bayan abin da zan rubuta yau, kada ki sa rai za a sake ba su izini nan kusa. Gara in gaya miki gaskiya."

Auta ta kira Farfesa, yana tsaye bayan bango ɗaya da ita. Ya saurara har ta gama bai katse ta ba. Ya ce ta yi daidai, kuma ya gode mata, shi da duk mai lemo a yankin. Sannan ya sassauta murya.

"'Yata, ki saurare ni. Gurbin nan naki ne yanzu, amma ba zan iya riƙe shi ba in kin tafi, akwai masu jira a bayanki. Ki bar su su yi abin da doka ta ce. Ki fito, ga mota. Ina da aikin da zai ishe ki shekaru, kuma irinki nake nema. Kina da bayanan bishiyar a rubuce, ba a rasa komai da komai ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma don yana sonta da alheri ya faɗa. Ta daɗe tana mafarkin ɗakin binciken nan, ta san hotunansa kamar ɗakin kwananta. Tana son ta fita ƙofar nan, so mai tsanani, har ta ji kunyar yadda take so. Amma rubutu ba ya yin saiwa. Ta dubi ɗan tohon nan, ta dubi durom.

"Farfesa, ka yafe ni. Na sa ka fito a banza."

Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Jami'ar ba ta ce ta kyauta ba, ba ta ce ta yi wauta ba. Ta ba ta safar hannu, ta bar ta ta ɗiga wa kowace jaka ruwa da murfin gora. Suka mayar da su kwalin, aka sa shi a leda mai kauri, aka sake sa wata, aka manna sabon tef, wannan karon har gindi. Ita da kanta ta raka Auta ta wata ƙofar baya, suka hau bene, suka ɓullo zauren masu tafiya. A nan ta nuna mata kujera kusa da ƙofar jirgi, ta ce kada ledar ta bar cinyarta.

Auta ta zauna ta daɗe tana juya wayar a hannu. Ta shirya maganganu masu zafi tun a banɗaki, ta jera su tsaf. Mama ta ɗauka tun bugun farko, kamar wayar na hannunta.

"Auta! Kin ji saƙona? Ya 'ya'yan? Kin ga Farfesan?"

"Mama, dawowa zan yi. Yau."

"Dawowa? Lafiya? Me ya faru?"

"Sun hana su shiga. Saboda ƙasar."

"Wace irin magana ce wannan? 'Yar ƙasar da ba ta cika tafin hannu ba? Mai tsabta ce fa, sai da na tankaɗe ta."

"Ciwon da ya kashe lambun Baba a cikinta yake, Mama. Ba ya fita da tankaɗe. Shi ya sa na wanke saiwar. Shi ya sa aka rufe kwalin."

Auta ta gyara zaman ledar a cinyarta.

"Aikin naki fa?" in ji Mama, muryarta ta yi ƙasa. "Gurbin da ya ba ki?"

"Ya tafi."

"Ni na jawo miki?"

Auta ta runtse ido. Da sauƙi ta ce a'a, amma yau ta riga ta ƙi yin ƙarya a inda ƙaryar za ta fi yi mata amfani.

"Ke ce, Mama."

Mama ta fashe da kuka. "Kin ce kada a taɓa tef ɗin. Ban taɓa ba, Auta. Wallahi ban taɓa ba. Da kin ce mini ƙasar ce..."

Maganganun da Auta ta jera suka watse. Shekara da shekaru Mama tana tambayarta me take yi da kwalabe da ƙananan wuƙaƙe, ita kuwa amsarta ɗaya ce, "Mama, ba za ki gane ba." Ta yi wa jami'ai bayani, ta yi wa ɗalibai, ta yi wa Farfesa a dogayen wasiƙu. Matar da take share gindin bishiyar nan kowace safiya ce kaɗai ba ta taɓa zama ta yi wa ba.

"Ban ce miki ba," ta ce. "Laifina ne wannan. Ki daina kuka, Mama, don Allah. Suna raye. Ga su nan a cinyata."

Mama ta tsagaita kukan. "To yanzu ma'aikatarku za ki mayar da su?"

"Ba za su karɓa ba, sun riga sun taɓa ciwon. Ki ce wa Yaya ya tona rami biyu kafin in iso."

"A ina?"

"A lambu."

"Auta, lambun nan duk ciwo ne. Ƙanana ne fa. In ba su yi ƙarfin uwarsu ba?"

"Ban sani ba, Mama. Ba su da wani wurin."

Aka fara kiran fasinjoji. Mama ta ja hanci, ta ce ba sai an jira Yaya ba, ita za ta fara tonawa tun yanzu kafin duhu ya yi, sai dai Auta ta gaya mata zurfin da ake so, don kada ta sake yin abin da ba a ce ba. Auta ta miƙe, ta rungumi ledar da hannu ɗaya, ta shiga layi tana yi mata bayani a hankali, tun daga farko.